Ajiya a Cikin Soso

Mai Soso yana tsugune a ƙofar shagonsa, bakinsa cike da ƙananan ƙusoshi, sai ga mutum biyu sun yi masa sallama. Bai iya amsawa ba sai da ya zubo ƙusoshin a tafin hannu. Sana'arsa ke nan tun yana da baƙin gashi: ya feɗe tsohuwar kujera, ya cire ruɓaɓɓen soso ya sa sabo, ya ja yadi ya buge, kujerar da ta ga jikoki ta koma kamar yau aka sayo ta. Duk layin babu gidan da ba a taɓa zama a kan aikin hannunsa ba.

Na gaba ya san shi sarai. Baffa ne, ƙanin amininsa Direba, wanda ya rasu bai daɗe ba ya bar 'ya ɗaya, Tilo, tana makarantar koyon jinya. Na biyun wani tsohon akawu ne mai yawan gyangyaɗi. Su biyun kotu ta ɗora wa riƙon dukiyar yarinyar har ta gama karatu.

Bayan an gaisa, an sake yi wa mamaci addu'a, Baffa ya gyara wuyan rigarsa.

"Malam, Yaya ya gaya mini a gadon asibiti cewa zinaren mahaifiyar Tilo yana wurinka. Muna tattara kayan yarinya wuri guda ne."

"Yana nan," in ji Mai Soso, har da murmushi. "Dama jiran zuwanku nake. Ku zauna. Kujeru dai ba ma rasa su a nan."

Gaskiya ya faɗa, a iya saninsa. Shekarun baya, bayan rasuwar matar Direba, Direba ya shigo shagon nan da ƙullin hankici a aljihu: sarƙa, 'yan kunne da awarwaro. Ya ce shi kullum yana kan hanya, gida ba kowa sai yarinya ƙarama, a ajiye mata kayan uwarta har ta yi hankali. Ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya rage murya.

"Amma don girman Allah, kada Rediyo ta ji."

Rediyo matar Mai Soso ce. A gabanta Inna ake ce mata, sunan nan sai ta ba da baya. Mace ce mai kirki da kyauta, sai dai magana ba ta kwana a cikinta, kamar yadda ruwa ba ya kwana a kwando.

Mai Soso ba shi da akwatin ƙarfe, kuma bai yarda da durowa ba. Abin da ya sani shi ya yi. Ya ɗauko soso mai kauri, shuɗi, ya raba shi biyu da wuƙa, ya ƙwaƙule rami a tsakiya, ya ɗinka 'yar jaka da guntun fata ya zuba kayan, ya shafa gam ya haɗe bakin yadda ko shi sai ya lalubo. Sannan ya cilla shi can saman kanta, kusa da rufi, ya rufe da tsohon tamfol. A ganinsa ɓarawo akwati yake nema, ba a taɓa jin wanda ya fasa shago don ya saci soso ba.

Yanzu ya jingina tsani ya hau, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya yaye tamfol. Soso na nan jibge, amma rawaya ne, sirara, irin na 'yan shekarun nan. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har ya taɓa katako. Ya tsaya a kan tsanin ya daɗe yana kallon gizo-gizo.

"Malam, lafiya?" in ji Baffa daga ƙasa.

"Lafiya. Ku ba ni zuwa gobe."

Akawu ya farka ya ce ba komai. Baffa kuwa ya kalli tsanin ya kalli mai tsanin, irin kallon da ake yi wa mai nama idan ya ɗora yatsa a kan sikeli.

Da ya koma gida Inna tana tsakar gida tana ninke wanki. Ya zauna a bakin tabarma, ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Innar yara, sosan nan shuɗi da ke saman kanta, kin san inda ya yi?"

"Wanne? Mai kaurin nan? Ai tun shekarar da aka yi maka aikin ido. Ka manta? Kana kwance da bandeji kamar an naɗe kabewa, ni ke zaman shago da ma'aikatan nan biyu da muka ɗauka. Soso ya yi wuya a kasuwa, aiki ya taru, na ce su sauko da duk abin da ke sama. Da ka warke na sa aka cike gurbin da sabo. Kai da bakinka ka ce na fi ka iya shago."

Sai da ta ga fuskarsa ta ajiye zanen da ke hannunta. Ya gaya mata komai. Bai ɓoye ko maganar Direba ta bakin ƙofa ba, don ya ga ɓoyo ne ya kawo su nan.

Inna ta yi shiru, abin da maƙwabta ba su taɓa ji ba.

"Wato ni ce Rediyo."

"Ba ni na sa miki ba."

"Amma ka amsa. Shekara da shekaru muna kwana ɗaki ɗaya, kana da zinare a cikin soso, ni ko labari. Da ka gaya mini, da ko zakara bai taɓa sosan nan ba."

"Da na gaya miki, da zakaran ma ya ji."

Ta harare shi, ta ɗauki wankinta ta shige ɗaki. Ranar abincinsa ya zo ba gishiri, kuma ba mantuwa ba ce.

Washegari ya je ya gaya wa Baffa gaskiya. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ba yaro ba ne, kuma dukiyar marainiya ba abin wasa ba ce, gobe shi za a tambaya. Ba a jima ba masinjan kotu ya kawo sammaci har shago, a gaban mai shayi da duk masu zaman bencinsa.

Kotun ɗaki ne mai dogayen bencina da fanka ɗaya mai kuka. Alƙaliyar mace ce mai tabarau a kan hanci, ba ta ɗaga murya. Baffa ya tashi ya yi bayani, ya ce an ba da ajiya, an zo karɓa, an kawo musu tatsuniyar soso. Sau biyu ya ce "cin amana". Mai Soso ya ji kalmar kamar an soka masa allurar buhu a ƙirji. Tilo tana bencin baya cikin fararen kayan makaranta, kanta a sunkuye.

"Ka karɓi kayan?" in ji alƙaliya.

"Na karɓa, ranki ya daɗe."

"Suna ina?"

"Suna cikin kujerar wani."

Aka yi dariya a bencin baya. Alƙaliya ta dube su ta saman tabarau har dariyar ta mutu.

"Kujerar wa?"

"Shi ne ban sani ba."

Ta ce tunda bai yi musu ba, za ta ba shi lokaci zuwa zama na gaba. In ya kawo kayan, magana ta ƙare. In bai kawo ba, zai biya kwatankwacinsu, kuma za ta duba ko sakaci ne ko abin da mai ƙara ya kira shi.

Biyan bai dame shi kamar sunan ba. Keken ɗinki ana sayarwa a sake saye. Amma a bangon shagonsa akwai ƙusar da matan layi ke rataye makullan gidajensu in za su fita unguwa, don kowa ya san abin da aka bar wa Mai Soso yana nan. Cikin 'yan kwanaki ƙusar ta koma tsirara. Babu wanda ya ce masa komai. Gaisuwa ma har ta fi da tsawo.

Inna ce ta gaji da fushi, don fushi na bukatar shiru. Wata safiya ta ajiye masa shayi ta zauna a gabansa.

"Kai ba ka san kujerun da aka yi kana kwance ba. Ni na sani. Akwai na matar mai gidan burodi, lokacin da take gasa da ƙanwar mijinta. Akwai na Tela, da ya ce ɓera ne ya cinye, alhali yaransa ne. Akwai na malamar asibitin nan da surukarta ta zo ta ce falon kamar tasha. Tashi ka sa riga mai kyau."

Haka suka fara bin gidaje. Inna ce ke gaba da sallama da tambayar lafiyar yara, shi yana biye kamar wanda aka kai awo. Ba ya bukatar reza. Mai gyaran kujera da zama yake gane abin da ke ciki. Sai ya zauna, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya danna da tafin hannu, ya tashi ya koma ta kusa. Kafin ya gama da kujerun falo, Inna ta gama da labarin gidan.

Sun samo abubuwa, ba laifi. A gidan Tela ya zaro cokali da almakashin da aka kori wani ma'aikaci a kansa. A gidan mai burodi ya lalubo ɗan kunne guda, matar gidan ta juya shi ta ce ba nata ba ne, mai burodi ya tuna yana da aiki a bakin tanda. Inna ta riƙe wannan a ranta har bakin titi, ba ta wuce nan ba. Zinaren Direba kuwa shiru.

Ana saura kaɗan a koma kotu, suna dawowa da yamma ƙafafu sun yi nauyi, Inna ta tsaya cak a gaban shagon Mai Hoto.

"Jar kujerar nan. Shi ya kawo ta da kansa a kan baro, yana ta mita wai kada a ɓata masa karammiskin da ya sayo a sa mata. Ita ce ta ci soso mai kauri, don ya ce manyan mutane ke zama a kai."

Kujerar kowa ya san ta. Babba ce mai hannuwa, tana gaban labule mai zanen teku da jirgin ruwa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a unguwar a kanta ya zauna. Mai Hoto kuwa siririn mutum ne mai gashin baki, wanda ko ruwa ya ba ka sai ya tsaya ya ga iya inda ka sha.

"Hoto za mu ɗauka," in ji Inna. "Tsufa ya zo, a bar wa jikoki abin kallo."

Mai Soso ya zauna. Sosan ya saki da shekaru, ya lotsa. Ya karkata hagu, sai ya ji wani abu mai tauri ya tokare shi a ƙasan cinya, ba ƙarfen sifirin ba, don sifirin yana turo mutum ne, wannan kuwa kwance yake. Ya sake karkatawa.

"Baba, ka daina motsi," in ji Mai Hoto daga bayan kyamara. "Kowa ya zauna sai ya gudu daga gefen nan, duk hotunana mutane a karkace. Ɗago haɓa. Yi murmushi."

Murmushin da Mai Soso ya yi ba a taɓa ɗaukar irinsa a shagon ba. Ya tashi a natse, yana shirin cewa kujerar na bukatar gyara kuma zai yi kyauta. Ya dubi Inna don ta gane ta yi shiru. Ita kuwa ta gane rabin farko kawai.

"Yana ciki ko? Alhamdu lillahi. Mai Hoto, ashe shekara da shekaru a kan zinare kake ɗaukar mutane."

Mai Hoto ya fito daga bayan kyamara a hankali. Ya dubi kujerar kamar yau ya fara ganinta. Labarin shari'ar ya riga ya zo masa, kamar yadda ya zo wa kowa.

"Wace kujera? Wannan? Ai ba a taɓa ta. Yadin nan babu shi a kasuwa yanzu. Kuma ni na biya kuɗin aiki, aka ba ni kujerata. Abin da ke cikin kujerata nawa ne."

"Kayan marainiya ne," in ji Mai Soso.

"To marainiyar ta zo da hujja."

Kafin su kai bakin titi ya ja kujerar zuwa ɗakin wanke hoto ya datse da kwaɗo. Suka kama hanya. Inna ta yi ta gyara mayafi.

"Ai dai ni na gano ta," ta ce daga baya.

"Ke kika gano ta."

Tsoronsa ɗaya, kada Mai Hoto ya farke kujerar shi kaɗai ya ce bai ga komai ba. Don haka bai je gida ba, gidan Baffa ya nufa. Baffa ya tsaya a bakin ƙofa bai ce ya shigo ba, ya ji bayani yana taɓe baki. Tilo ce ta fito daga ciki da littafi a hannu.

"Baffa, mu gwada mana. In babu, ai ba mu rasa komai ba."

Baffa ya ɗauko tsohon akawu, suka je suka gaya wa Mai Hoto cewa su ne masu riƙon dukiyar, kuma in aka ga ko zare ɗaya ya motsa a kujerar, shi zai yi bayani. Akawu, wanda ba a san shi da magana ba, ya sa aka buɗe ɗakin, ya zagaya kujerar ya duba ɗinkinta ta ko'ina, ya ce ya gani da idonsa. Da safe suka kai wa kotu, alƙaliya ta ce a kawo kujerar ranar zama.

Ranar kuwa kotu ta cika, har da waɗanda ba su taɓa sanin hanyarta ba. Aka shigo da jar kujera a kan baro, aka ajiye ta a gaban teburin alƙaliya. Mai Hoto yana biye yana kaɗe mata ƙura da hankici.

"Ranki ya daɗe, wanda ya sayi kaza ai da abin da ke cikinta ya saya," in ji shi.

"Kaza ka saya?"

"A'a, misali ne."

"Da ka kai kujerarka gyara, me ka ce a sa maka?"

"Soso da yadi."

"An sa?"

"An sa."

"To soso da yadi naka ne, babu mai taɓa maka su. In akwai wani abu a ciki, wanda ya yi maka aikin ba nasa ba ne balle ya sayar maka." Ta juya wajen Mai Soso. "Kafin ka buɗe, faɗi abin da za mu gani."

Ya faɗa: jakar fata baƙa, ɗinkin hannu da jan zare, a ciki hankici, a cikin hankici sarƙa da 'yan kunne da awarwaro. Alƙaliya ta tambayi Tilo ko tana tuna kayan. Yarinyar ta ce ba sosai ba, amma awarwaro ɗaya ya lanƙwashe, don ita ta taka shi tana ƙarama, har aka yi mata faɗa.

Mai Soso ya kifar da kujerar. Bai taɓa karammiskin ba, ta ƙasa ya bi, ya ciro ƙusoshin shafin ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a baki saboda sabo. Shuɗin soso ya bayyana. Ya bi gefensa da yatsa har ya ji layin gam, ya sa reza. Idan ba wannan sosan ba ne fa? Idan ma'aikatan sun yanke sosan sun zubar da guntun, abin da ya ji kuma wani katako ne? Ya tura hannu har wuyan hannu.

Jakar ta fito a lotse, kamar an yi mata guga. Magatakarda ya kwance hankicin a kan tebur. Tilo ta matso, ta ɗauki awarwaron da ya lanƙwashe, ta riƙe shi da hannu biyu. Can a bencin baya aka ji muryar Inna tana yi wa ta kusa da ita bayani tun daga farko.

Alƙaliya ta sa aka miƙa kayan ga Baffa da akawu a gaban kowa. Sannan ta cire tabarau.

"Malam, ba ka ci amana ba, kotu ta shaida. Amma ajiyar da mutum ɗaya kaɗai ya san inda take, in ya kwanta ciwo ta zama ta kowa. Kujerar bawan Allah kuma ka mayar masa yadda take."

"Yanzu ma kuwa, ranki ya daɗe."

Ba ta ce yanzu ba, amma shi bai iya barin kujera a buɗe ya tafi gida. Aka jawo masa ita baranda, aka kira ƙara ta gaba. Ya ciro guntun soso daga jakarsa ya cike ramin, ya shafa gam, ya ɗauko guduma. Mai Hoto yana tsaye a kansa yana cewa a dai bi a hankali. Mutane suna fitowa suna yi masa barka, yana amsawa da ka, don bakin a cike yake.

Shafin ƙasan kujera aikin mutum biyu ne, ɗaya ya ja ɗaya ya buga. Ya ɗaga kai yana neman Inna, ita kuwa tana can bakin ƙofar kotu mata sun kewaye ta. Sai ya ga Baffa ya miƙa wa akawu jakar, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya tsuguna a ɗaya gefen ya kama bakin yadin.

"Nan zan ja, Malam?"

Mai Soso ya zubo ƙusoshin a tafin hannu.

"Nan. Ja sosai, kada ka ji tausayinsa."